Jika Ashirin a Tsakiyar Damina

Yau zancen taimako za mu yi, irin wanda ke tasowa daga ƙasashen waje. Kowa ya san yunwar 2005, da yadda buhunan agaji suka iso bayan tamowa ta riga ta kwantar da yara. Ba zan daɗe a nan ba.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne a 2008, shekarar da cimaka ta yi tsada a duniya baki ɗaya. Ƙungiyar Save the Children ta zaɓi gidaje 1,500 mafi talauci a yankin Tasawa, ta ba su kuɗi a hannu. Jika 20 sau uku, jika 60 ke nan na Sefa, a lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Kuma a hannun mata aka danƙa kuɗin.

To ku saurara da kyau. An sayi hatsi, an sayi mai da wake da ɗan nama, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ku tuna halin talaka a tsakiyar damina. Da asuba zai saɓa hauya ya nufi gonar mai hali, ya yi barema, ya samo abin da za a ɗora a wuta da dare. Tasa gonar fa? Ciyawa na cin ta. Kaka ta zo, abin da ya girba bai taka kara ya karya ba, baɗi ya sake komawa barema. Da kuɗin nan suka shigo, magidanta da yawa suka koma gonakinsu. Gonakinsu na kansu, jama'a! Ni dai duk sanda na tuna wannan sai in ji daɗi har cikin raina, domin ba wanda ya umarce su da hakan. Su suka san inda ke yi musu ƙaiƙayi.

Sai dai kada in yi muku daɗin baki. Jikin yara ya fara murmurewa, amma da zazzaɓin cizon sauro da zawo suka taso, wasu suka koma baya. Kuɗi na sayen tuwo, ba ya korar sauro. A 2011 mutanen ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa suka yi wani gwaji a Madarunfa, suka ga in an haɗa kuɗi da abincin gina jiki na yara, an fi kare su daga tamowa fiye da a ba da ɗaya kaɗai. Akwai kuma rigimar zaɓen waɗanda za a ba kuɗin: a ƙauyen da kusan kowa ke fama, wa za a rubuta, wa za a bari? Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun tarar a wasu garuruwa akan tattara kuɗin a sake rabawa bayan baƙi sun tafi. Mai bayarwa da bai zauna da mutanen gari ba, ba zai taɓa jin wannan ba.

Lokaci na hararar mu. Na so in yi muku zancen Mata Masu Dubara, asusun da ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maraɗi a 1991, da kuɗin matan kansu, wanda yau ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.