Kalma ɗaya, aiki da yawa

A cikin harshen Ingilishi akwai wata kalmar aikatau da ake rubutawa wind. Ana furta ta «waind». Tushen ma'anarta shi ne murɗa abu ko kewaya shi da wani abu. Amma in za a juya ta cikin Hausa, kalma ɗaya ba ta isa.

Mai kaɗi tana naɗe zare a jikin mazari. Da Ingilishi sai a ce: She winds the thread. Dattijo yana naɗa rawani a kansa: He winds a turban round his head. A nan ma'anarta naɗi ce.

Yaɗiya tana kanannaɗe itace har ta kai reshe: It winds round the tree. A nan ma'anarta kanannaɗewa ce.

Agogon da ba na batir ba, sai an wana shi yake tafiya: He winds his watch. Da Faransanci remonter ake cewa.

Hanya ko kogi kuma, in suna tafiya suna lanƙwasa kamar maciji, sai a ce: The river winds. Da Faransanci serpenter ke nan. Kogin Kwara yana yin haka a kudu da Yamai. Lanƙwasarsa ta yi kama da harafin W, shi ya sa ake kiran gandun dajin da ke wurin gandun W.

Akwai tarko biyu. Na farko, iska ma wind ake rubuta ta, amma ita «wind» ake furta ta. Na biyu, in aikin ya riga ya wuce, ba a cewa winded, sai wound, a furta «waund». Rauni kuwa shi ma wound ake rubuta shi, a furta «wund». Ɗalibin da ya yi gaggawa sai ya sa iska a wurin rawani, ko rauni a wurin zare, jimlarsa ta lalace.

Maganin wannan shi ne a karanta jimla duka kafin a fassara. Kalmomin da ke kusa su ne ke nuna ma'ana.

Tambayoyi
1. Me ya sa ake kiran dajin nan gandun W?
2. Yaya za a fassara: She wound the rope round the tree?