Jar Fitilar Birki: Waya ce Kawai, ko Gargaɗi?

A tashar Madawa, cikin motocin da ke lodin Buza da Keita, ba wuya ka ga Hiace ko tsohuwar Hilux da aka manna wa tablo ɗan baƙin salatif a wuri guda. Ɗaga shi, za ka tarar da jar fitila tana ci: da'ira da alamar motsin rai a tsakiya, a wasu motocin harafin P, a waɗanda suka fito daga Amurka kalmar BRAKE. Ka tambayi direba, amsa na bakinsa: "Ai waya ce, Malam. Tun da na karɓi motar haka take."

Maganarsa ba ƙarya ce zalla ba. A yawancin ƙananan motoci abu biyu ne ke kunna wannan fitila: wani ɗan makunni a gindin birkin hannu, da wata ƴar roba da ke yawo a saman man birki cikin kwalbarsa, wadda kan sauka idan mai ya ragu. Gargadar hanyoyin Adar da jar ƙura suna iya cije makunnin, ko su goge waya ta taɓa ƙarfe. Sai dai "waya ce" hukunci ne da ake yankewa bayan an duba, kuma dubawar ba ta kai shan shayi ɗaya ba. A sauke birkin hannu har ƙasa, a ɗan girgiza shi. A buɗe gaban mota a wuri mai daidai, a ga ko mai na tsakanin MIN da MAX. In ya cika, a zare filogin da ke jikin kwalbar. A yawancin motocin Toyota, idan fitila ta mutu nan take, robar ce ta maƙale. Wanda ya yi wannan ya ce waya ce, na yarda da shi. Mai salatif kuwa ya rufe bakin mai ba shi labari ne, domin ranar da mai ya tsiyaye da gaske ba abin da zai canja a gabansa.

Akwai kuma lokacin da jar fitilar ke zuwa tare da ta batir. A tsofaffin Toyota da yawa haka take yi idan altaneta ta daina caji ko bel ya tsinke. A wasu masu shan gazuwal, famfon da ke zuƙe iska don sauƙaƙa takun birki a bayan altaneta yake, saboda haka bel na tsinkewa, bayan taku kaɗan feda ta yi tauri.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta masu cewa: "Ba ta tsayawa, a gangara kawai take kamawa, mu sauko fili ta mutu." Suna ɗaukar haka shaidar cewa fitilar ce ke wasa. Akasin haka ne. Mai ya sauka dab da MIN, mota ta karkata a hawa ko kwana, man ya koma gefe guda, roba ta nutse, fitila ta kama. Direban da ke bin kwalta daga Madawa zuwa Maraɗi zai iya daɗewa bai ga haka ba. Wanda ke hawa da saukar duwatsun Buza, ko ya bi ta Garhanga da Tamaske, ƙasar ce da kanta ke yi masa gwaji kullum, kyauta.

To sai a ƙara mai, ko? Haka yaron mota kan ce: "Maigida, ga gwangwani, mu cika mu wuce." Cikawa na kashe fitila, wannan gaskiya ne. Amma man birki ba ya ƙonewa kamar man inji. Rufaffiyar hanya yake bi. In ya ragu, ɗayan biyu ne. Ko dai plaket ɗin birki sun cinye, fistan ya ƙara fitowa, mai ya bi bayansa ya cike gurbi, ko kuma yana yoyo. Na farkon sannu a hankali yake, kuma maganinsa a cire taya a duba. Kaurin da ya kusa milimita 3 ya isa canji. Na biyun ba ya jira. Leƙa bayan tayar baya: inda jar ƙura ta manne ta zama baƙar laka mai santsi, alhali ba a ratsa ruwa ba, to robar silindar ƙafar nan ta mutu. Wani yoyon ba ya ɗiga ƙasa ko kaɗan, ta bayan babbar silinda yake zubewa cikin tukunyar da ke manne da ita, sai dai ka ga fenti ya kwaile a ƙarƙashi. Taka feda ka riƙe na rabin minti. Idan tana nutsewa a hankali, motar ba ta lodi ba ce.

"Ai birki na kamawa" ma ba hujja ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka koma raba hanyar man gida biyu, domin in ɗaya ta fashe ɗayar ta riƙe. Mota na iya tsayawa lafiya a cikin gari da rabin birki. A ɗora mata buhunan albasar kwarin Tarka da fasinja har sama, a sako ta gangara, lissafi ya canja. Murƙushe bututun ƙafar da ke yoyo da filaya dabarar fitar da mota daga daji ce zuwa gareji, ba gyara ba.

Batun ruwan Omo kuwa, da wasu ke rantsuwa yana aiki a madadin man birki, a bar shi. Feda za ta yi tauri da safe, domin ruwa ma ba ya matsuwa. Amma a digiri 100 yake tafasa, alhali ƙa'idar sabon man birki DOT 3 ita ce kada ya tafasa ƙasa da 205, DOT 4 kuma 230. Ruwa na tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake, feda ta tafi ƙasa babu komai. Ko man na gaske yana shan danshi daga iska: tsohon DOT 3 kan sauko wajen digiri 140, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a zubar a sa sabo duk shekara 2, kuma gwangwanin da aka buɗe tun damina ba abin yarda ba ne. Wannan lalacewar fitila ba ta ganinta, yawan mai kawai take aunawa. Man inji ko na sitiyari kuma kumbura robobi yake, sai an canja su duka.

Fitilar ABS daban ce, ruwan ɗorawa. In ita kaɗai ke ci, birki na nan, sai dai tayoyi na iya kullewa a taku mai ƙarfi. Masu cewa ABS ba ta da amfani a kan tsakuwa da rairayi suna da ɗan abin kamawa, domin a irin wannan ƙasa takan tsawaita tsayuwa, amma ita ke barin sitiyari a hannunka. Sau da yawa wayarta ce dutse ya tsinka, ko laka ta rufe na'urarta bayan ratsa ƙorama da damina. Idan ta kama tare da jar, birkin hannu na ƙasa, tayoyin baya na iya riga na gaba kullewa, mota ta juya. Wannan a ajiye ta gefen hanya a kira makanike, fasinja su nemi wata.