Abin Da Ke Ƙona Lasifika A Jos Da Nan Kudu

Duk wanda ya taɓa zama a Jos ya san garin ba ya rabo da amon lasifika. Daga Bauchi Road zuwa Dilimi har Taminus, in ba kiran salla ba, to wa'azi ne ko kiɗan biki. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, amma da an kara masa makirfo sai ya cika fili. Mu ma nan Sabon Ibadan da Agege da Shagamu mukan yi karo-karo mu sayi kayan sauti na masallaci ko na ƙungiya. Sai dai sau da yawa ba a jimawa murya ta dushe, a kwashi kaya zuwa wurin mai gyara, ana ta zagin ɗan kasuwa wai ya sayar da jabu.

Jama'a sun ɗauka babbar amfilifaya ce kaɗai ke ƙona sifika. Lalle takan ƙona in an yi ganganci, amma ƙarama ma ba ta da dama. A ce amfilifaya mai wat 50 aka ɗaura wa sifika mai wat 200. Uwar biki tana cewa a ƙara, a ƙara, yaron da ke kan inji ya murɗa har ƙurewa. Daga nan injin ba ya iya fitar da sauti garau, sai gurɓatacce. Wannan kuwa shi ke zafafa siririyar wayar da ke naɗe cikin sifika, wato koyil, musamman ta 'yar ƙaramar nan mai siririyar murya, har ta ƙone. Da ka ji murya ta fara gwaranci, ko ka ga jar fitila tana ƙiftawa a gaban injin, rage nan take.

Saboda haka in za ka saya, kada manyan lambobin kan kwali su ruɗe ka, irin masu PMPO a gefe. Wannan kurin talla ne. Nemi wat ɗin da aka rubuta wa RMS. Masu sana'ar sukan zaɓi amfilifayar da ta kai ɗaya da rabi ko biyu na ƙarfin sifikar, wato mai wat 300 a ba ta inji mai 450 zuwa 600, a tafi da shi a hankali. Kuma ka sani, ninka wat ba ya ninka ƙara. Desibel 3 kawai yake ƙarawa.

Sai maganar om, inda aka fi yin ɓarna. Sifika biyu masu om 8, in aka jona su baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. Huɗu kuwa om 2, wanda injuna da yawa ba sa ɗauka, sai su yi zafi su mutu. Duba bayan injin, an rubuta iyakarsa. Babbar sifikar gangi, wato sabwufa, a sa mata matatar sauti, a bar mata na ƙasa kaɗai. Amsa-kuwwar masallaci kuma, irin su Ahuja da TOA, don magana aka yi ta, kada a tura mata kiɗa mai nauyi. In ta layin bolt 100 ce, a tara wat ɗin duka a bar rara: inji mai 120 ya ɗauki huɗu masu wat 25, ta biyar ta yi yawa.

Sanyin Jos yana taimakon inji, amma ƙurar hunturu takan toshe kafofin shan iskarsa, a riƙa kakkaɓewa. Nan Kudu kuwa laima ce ke cin takardar sifika, kada a jingine ta a ƙasa da damina. In da janareta ake aiki, a bari ya daidaita tukuna. A kunna amfilifaya a ƙarshe bayan sauran kaya, in an tashi kuma ita za a fara kashewa.