'Yan Damargu a ci-rani: abin da ke raya reshen ƙungiya da abin da ke kashe shi

Da zarar an ɗaure dammunan gero an kai rumbu a ƙasar Damargu, sai tashoshin mota na Tanut da Belbeji su fara cika da samari, kowa da 'yar jakarsa. Wasu kudu suke yi, su ratsa Damagaram su bi ta Magarya ko Matamai su faɗa Kano. Wasu kuma arewa, su kama titin Agadas, daga can su nufi Sabha a Libiya ko Tamanrasat a Aljeriya. Duk inda mota ta sauke su, abin da suke fara cigiya shi ne ɗan gida, wanda zai ba su wurin shimfiɗa tabarma, ya nuna musu inda ake ɗaukar leburan gini ko mai ban-ruwa a lambu ko makiyayi, ya kuma gaya musu titin da ba a bi bayan magariba.

Daga wannan cigiyar ne ƙungiyoyin zumunta na 'yan gari ɗaya suke tsirowa. Kafa su ba ya da wuya. Rasuwa ɗaya a ƙasar baƙunta ta isa ta tara mutane, a yi karo-karon likkafani, kafin a watse wani dattijo ya ce ya kamata a riƙa ajiye wani abu saboda irin wannan rana. Nan take a zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, a sayo littafi, a yanke abin da kowa zai riƙa zubawa a wata. Wahalar tana gaba: riƙe mutanen nan shekara uku, shekara biyar, bayan zafin rasuwar ya huce. Rassa da yawa a nan suke mutuwa, har ya zama daga shugaba sai ma'aji ke zuwa taro.

Wannan mutuwar ba ƙaramar asara ba ce. Reshen da ke raye shi ke kai mara lafiya likita, shi ke haɗa kuɗin motar wanda ya karye ya koma gida, shi ke tattara fansa idan an tsare yaro a gidan bashi a Libiya ana buga wa iyayensa waya. Shi ne kuma yake aiko da kwanon rufin masallaci, ko kuɗin gyaran famfo, ko buhunan da za a zuba a bankin hatsin ƙauye. Inda reshe ya watse, duk wannan nauyi kan dangi kaɗai yake komawa, dangin da su ma jiran aike suke yi.

Gadon ayari da zawiya

Damargu ta daɗe da sanin yadda ake riƙe mutanen da ke kan hanya. Nan ne rumbun da ke ciyar da Azbin, kuma geronta ayarin raƙuma ke kaiwa Fashi da Bilma su komo da kantun gishiri da dabino. A da, babbar hanyar fatauci daga Kano zuwa Tarabulus ta nan take wucewa, ta bi ta Azbin da Gat da Gadamas. A watan Janairu na 1851, a Tagelel ta Damargu ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, kowa ya kama tasa hanya. Wannan ciniki na hamada ya yi ta raguwa har jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya ƙarasa shi, amma darasinsa bai tsufa ba. Falke yana bin madugu ne saboda madugu ya san rijiyoyi, yana da bakin magana da masu tare hanya, kuma kowane zango akwai mai gidan da zai sauke shi ya adana masa kaya.

Ɗarikar Sanusiyya, wadda Shehu Muhammad bin Ali al-Sanusi ya kafa a Makka a 1837, da wannan hikimar ta bazu a cikin Sahara. Kowace zawiyarta masauki ce ga matafiyi, makaranta ce ga yara, wurin sasanta rigima ce ga kabilu, ga rijiya kusa. Ɗan'uwa na ɗarika idan ya bar wannan zawiya ya isa waccan, ba baƙo ba ne. Irin wannan sarƙar ce ta ba Kawusan, haifaffen Damargu, ƙarfin da ya yi wa sansanin Faransawa a Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917.

A kudu ma haka abin yake. Abner Cohen, wanda bincikensa kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan ya fito a 1969, ya nuna yadda suka rungumi Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, da yadda haɗuwar wazifa kullum da yamma ta ɗaure masu gida da dillalai da yaransu waje ɗaya. Cinikin shanu da goro bashi ne ke tafiyar da shi, bashi kuwa sai da yarda, yarda kuwa tana ƙaruwa tsakanin mutanen da ke ganin juna kowace rana.

Akwai kuma misalin da ya nuna ɗaya fuskar. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da Samariya ya shimfiɗa ta a kowane ƙauye da unguwa a Nijar. An gina azuzuwa, an dasa itatuwa, an yi gayya da wasanni, kuma dattawan Tanut har yau suna tuna lokacin da daɗi. Amma da gwamnatin da ke riƙe da ita ta sauya, musamman bayan babban taron ƙasa na 1991, sai rassan suka yi sanyi ɗaya bayan ɗaya, domin ƙarfinsu daga sama yake zuwa.

Abin da ke cin rassan yau

Babbar matsalar reshen 'yan ci-rani ita ce membansa ba mazauni ba ne. Wanda ya zo da kaka zai koma da faɗuwar ruwa ya yi shuka. Wanda ya so ya daɗe kuma ba shi da tabbas, don yawancinsu ba su da takardun zama. Shekarar 2011 ta nuna wa Damargu haka ƙarara. Da yaƙi ya ɓarke a Libiya, dubun-dubatar 'yan Nijar suka kwararo gida ta Dirku da Agadas, da yawa hannu wofi, kuma ƙasar Tanut na cikin wuraren da suka fi jin jiki. Daminar shekarar ba ta yi kyau ba. A shekarar ce aka mai da Belbeji gunduma mai zaman kanta, a watan Nuwambanta kuma aka buɗe matatar mai ta Soraz a cikin ƙaramar hukumar Ollelewa, amma guraben aikinta ba su kai ko kusa da yawan masu nema ba. Rassan da aka gina a biranen Libiya suka tarwatse tare da littattafansu, wanda ya yi shekaru yana zubi ya dawo ba shi da inda zai kai kukansa.

A Aljeriya, tun yarjejeniyar da ta ƙulla da Nijar a ƙarshen 2014, ana kwaso 'yan Nijar a manyan motoci ana saukewa ta Assamaka. Mutum zai fita aiki da safe, da dare yana hanyar iyaka, kayansa da kuɗin aikinsa duk a baya. A Najeriya kuwa an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, ga faɗuwar naira da ta sa abin da ɗan ci-rani ya tara a Kano ya narke idan an juya shi zuwa sefa. Wanda bai san makomarsa gobe ba, da wuya ya saki kuɗinsa ga asusun da ƙila ba zai ci moriyarsa ba.

Abu na biyu shi ne kuɗi a hannun mutum ɗaya. A inda mara takarda ba ya iya buɗe ajiya a banki, ma'aji a ɗakinsa yake ɓoye asusu. Ko da amintacce ne, ana iya kama shi, ana iya yi masa fashi, kuma wani babba na iya rantar kuɗin a kan kunya ya ƙi biya. Sai a zo taro a kasa karanta lissafi. Bahaushe ba ya son tsayar da na gaba da shi a bainar jama'a ya ce, Alhaji, ina kuɗinmu? Abin da yake yi shi ne ya daina zuwa, kuma a watan gaba abokinsa ma ya bi sahu.

Na uku siyasa. Daga zaɓen 2016 aka ware wa 'yan Nijar mazauna waje kujeru biyar a majalisar dokoki. Abu ne mai kyau a ba ɗan ci-rani murya, amma ya sa 'yan takara suka gane cewa shugaban reshe ƙofa ce ta ƙuri'u. Inda shugaba ya karɓi goron wata jam'iyya da sunan ƙungiya, rabin mutanensa sun tafi ke nan. An rushe majalisar a 2023, amma gabar da aka shuka a wasu wuraren tana nan.

Na huɗu shi ne waɗanda aka bari a bakin ƙofa. Damargu ƙasa ce ta Hausawa da Dagirawa da Buzaye da Fulani, sun yi auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Reshen da ya zama na zuriya ɗaya ko na ƙauye ɗaya ya rage wa kansa ƙarfi. Haka kuma samari: dattawa su zauna kan kujera shekara da shekaru ba zaɓe, yaro ba shi da aiki sai shimfiɗa tabarma da dafa shayi. Shi ya sa yake komawa fadarsu ta tsara, inda ake jin maganarsa. Mata kuwa, waɗanda su ke riƙe gida duk tsawon rani, kusan ba a tambayarsu abin da za a yi da kuɗin da aka aiko.

Maganin yana gida

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne ba sai an je nesa neman dabara ba. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maradi tare da ƙungiyar CARE, kuma tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da ma wajenta. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce. Ana haɗuwa kowane mako a rana sananniya. Akwatin kuɗi yana da makullai fiye da ɗaya, a hannun mata daban-daban, ba ya buɗuwa sai a gaban kowa. Ana ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita da babbar murya, don wadda ba ta yi karatu ba ma ta riƙe a ka. Idan zagaye ya cika a raba, a sake zaɓe. Reshen maza a Sabha ko Fagge ta Kano da zai ɗauki wannan ƙa'ida, da ya huta da rabin zarginsa.

Matsalar memba mai tafiya ma tana da mafita. Kamata ya yi uwar littafi ta zauna a gida, a Tanut ko Tarka ko Gangara, a hannun kwamitin da kowa ya yarda da shi. Abin da ya wuce buƙatar gaggawa a riƙa turo shi ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana, a bar kaɗan a hannun ma'ajin reshe. Wanda ya yi zubi a Tamanrasat aka koro shi, haƙƙinsa na nan yana jiransa. Wanda ya koma Kano bana, reshen Kano ya karɓe shi da lissafinsa na bara. Waya ta sauƙaƙa wannan, domin hoton shafin lissafi a WhatsApp kowane ƙarshen wata ya isa kowa ya gani, saƙon murya kuma ya isar wa wanda ba ya karatu.

Amma waya ba ta maye gurbin zama. Zumunta a ƙafa take, kuma reshen da ba ya haɗuwa sai an yi mutuwa, sunansa zai koma na baƙin ciki, samari su guje shi. Ranar Juma'a bayan masallaci a Libiya da Aljeriya, ko Lahadi a Najeriya, a ci tuwo tare, a yi sunan ɗan wane, a tarbi sabon zuwa a rubuta sunansa da na ƙauyensa tun daren farko. A ba samari muƙamin magatakarda da kula da waya, tunda sun fi iya su. A sa wa'adin shugabanci. A rubuta a fili abin da memba zai samu idan ya kwanta ciwo, idan an tsare shi, idan ya rasu, kuma a biya ba tare da sai ya yi roƙo ba.

Hukumomin gida su ma suna da rabonsu. Dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 ta hana ƙungiyar da aka gina kan ƙabila ko yanki, saboda haka masu son rajista sukan fito da sunan raya ƙasa, wasu kuma su zauna ba takarda. Shugaban ƙaramar hukuma da hakimi za su iya taimaka musu su yi rajista ta hanyar da doka ta yarda, su zauna da wakilansu da damina lokacin da 'yan ci-rani ke gida, su nuna musu tsarin ayyukan ƙaramar hukuma, don kada ƙauye ya samu masallaci na uku alhali ba shi da ɗakin haihuwa.

Ci-rani ba zai tsaya ba muddin damina ɗaya ce a shekara kuma rumbu ba ya kaiwa wata kaka. Samarin Damargu za su ci gaba da fita, wasu za su haɗu da ciwo, wasu da kamu. Abin da ke hannun dattawa da masu riƙe da littafi shi ne su sa ɗan ci-rani ya tabbata cewa jikar da ya zuba tana nan a rubuce, kuma za ta amfane shi ko a wane gari wahala ta same shi. Wanda ya ga an biya wa maƙwabcinsa kuɗin likita daga asusu, an kuma karanta lissafin a gabansa, ba sai an bi shi ɗaki ana tuna masa zubin wata ba.