Asirin Wankin Mota Da Inji Yana Ga Sarƙa

A manyan biranen Amurka da na Turai akwai gidajen wankin mota inda ba a ganin mai bokiti ko mai tsumma. Mota ta kan shiga ta wannan ƙofa da ƙura da taɓo, bayan 'yan mintoci ta fita ta waccan tana ƙyalli, direba kuwa yana zaune ciki abinsa. Wanda ya gani sai ya zaci burushi da sabulu ne ke da aikin duka. Amma masu sana'ar sun san kyaun wanki da muninsa sun rataya ne ga abu guda, watau gudun sarƙar da ke tafiyar da motar.

Asalin abin daga birnin Detroit ne, inda cikin 1914 aka buɗe wani gida, leburori suna tura mota da hannu daga mai sabulu zuwa mai ɗauraya, daga nan zuwa mai gogewa. Cikin 1940 aka soma jan motar da inji a Hollywood, amma mutane ne ke wankewa. Sai cikin 1951 waɗansu 'yan'uwa uku da a ke kira Anderson suka haɗa injin da ke yin aikin duka a birnin Seattle.

Shi gidan dogon zaure ne. A ƙasa akwai hanya ta ƙarfe wadda tayoyin gefe ɗaya ke bi, sarƙar kuwa tana ƙarƙashinta, tana ɗauke da 'yan ƙananan tayoyi waɗanda ke tasowa su tura tayar motar daga baya. Aikin direba uku ne kurum: ya sa giya a firi, ya ɗauke ƙafa daga birki, ya saki sitiyari. Daga nan sai motar ta bi ta wurin fesa sabulu, da wurin burushi, da wurin ɗauraya, sa'an nan ta ƙare a ƙarƙashin manyan fankoki masu busarwa.

A kan auna gudun sarƙa da yawan motocin da za ta wuce da su cikin awa guda. Ga lissafi mai sauƙi don misali. A ce kowace mota, tare da ratar da ke bayanta, tana cin ƙafa 20, zauren kuma tsawonsa ƙafa 100 ne. In ana son mota 60 cikin awa, sarƙa za ta yi ƙafa 20 cikin minti guda, kowace mota ta sami minti 5 a ciki. In aka ce mota 120, sai ta yi ƙafa 40 cikin minti, lokacin ya koma minti biyu da rabi. To, in tsakanin wurin sabulu da burushin farko ƙafa 10 ne, dā sabulu yana da daƙiƙa 30 na jiƙa dauɗa, yanzu kuwa 15 kaɗai ke gare shi. Sabulu bai san ana sauri ba. In bai jiƙa ba, burushi sai ya bi ta kan dauɗar ya bar ta. Haka kuma fanka, in ba ta sami lokaci ba, mota ta fita tana ɗigar ruwa, rana ta busar da shi, ya bar tabo a kan fenti da gilashi.

Akwai abin da ke daidaita kansa. A bakin ƙofa akwai idon lantarki mai auna tsawon mota, a jikin sarƙa kuma akwai makunni mai ƙidaya tafiyarta yana gaya wa kwamfuta. Saboda haka ko an ƙara gudu ko an rage, kowane inji ya kan tashi daidai sa'ad da hancin mota ya iso gare shi. Amma ƙarfin sabulu, da yawan ruwa, da juyin burushi da yadda ya ke danna jikin mota, waɗannan sai makaniki ya bi su ɗaya ɗaya. Wani lokaci ma sai an ciro wurin fesa sabulu an mai da shi baya, don ratar ta ƙaru. Gwani ba ya taɓa abu biyu gaba ɗaya. Ya kan sāke abu guda, ya tura mota, ya riƙe agogo ya auna, ya duba ta a bakin fita, kana ya taɓa na biyu.

Babbar jarrabawa ta kan zo da hunturu. A ƙasashen ƙanƙara ana zuba gishiri a kan hanya, shi kuwa yana cin ƙarfen mota, don haka masu mota su kan yi dogon layi. A daidai lokacin nan ne dauɗa ta fi kauri, sanyi kuma ya rage wa sabulu kaifi. Mai gidan da kwaɗayi ya ja ya ƙara gudu zai tara kuɗi ran nan, amma wanda ya biya ya tafi da mota rabin wanki da wuya ya komo. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Har wa yau akwai haɗari. In rata ta yi kaɗan, wani direba ya taka birki da kuskure, ta baya sai ta dake shi. Sarƙar da ta saki ta kan yi tsalle daga haƙoranta, wadda aka ɗaure ainun kuwa ta kan ci kanta da wuri. Abin da ya fi duka, kada ma'aikaci ya sa hannu cikin sarƙa ko burushi sai ya kashe wuta, ya kulle makunnin da kwaɗo, ya sa mabuɗin cikin aljihunsa.

Saboda haka gudun da ya dace shi ne wanda mafi nawar injunan gidan zai iya bi. In fanka ce ba ta iya busar da fiye da mota 80 cikin awa, to, 80 ɗin ita ce iyakar gidan, komai tsawon layin da ke ƙofa.