Kujerun Katako na Zamanin 'Yancin Kai: Me Ya Kore Su Daga Falukan Katsina?

Shekaru sittin da suka wuce, da wuya ka shiga falon ma'aikacin gwamnati ko malamin makaranta a birnin Katsina ka rasa wata irin kujera: gajeriya, mai hannuwa biyu na katako, bayanta a ɗan kishingiɗe, da matashi biyu, na zama da na jingina. A zaure ko baranda akwai 'yar'uwarta ta hutu, mai shimfiɗar tamfol, wadda ake naɗewa a jingine da bango. A gidajen manyan ma'aikata akan ci karo da mai lilo, wadda aka ɗora ƙafafunta kan lanƙwasassun katakai biyu. Yau waɗannan kujeru sun koma bayan gida, ko ɗakin tarkace, ko murhu. A daidai wannan lokaci kuma, kujerun da aka ƙera a waɗancan shekarun a Turai da Amurka sun zama kayan da masu kuɗi ke rububi a wuraren gwanjo. Wannan nazari zai duba abin da ya kore su a nan, abin da ya ɗaga darajarsu a can, da abin da Katsina ke asara tsakanin biyun.

Yadda suka shigo gari

Bakatsine ya daɗe da nasa tsarin zama: tabarma, buzu da darduma, sarki kan karaga, uwargida kan 'yar kujerar tsugunno ta masassaƙi. Kujera mai baya da hannu ta biyo hanyar ofis da makaranta ne. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ta yaye malamai da ma'aikatan da suka saba da tebur da kujera. Zamanin Sarki Usman Nagogo, daga 1944 zuwa 1981, shi ne lokacin da ma'aikatan En'e da na gwamnatin Jihar Arewa suka yawaita, kuma ƙa'idar aiki a lokacin ita ce a ba babban ma'aikaci gida da kayansa. Ma'aikatar Ayyuka ce ke samar da gado da tebur da kujeru, ta rubuta su a littafi, ta gyara wanda ya lalace. Kafintocin gari suka ga fasalin, suka kwaikwaya, har ya isa gidajen 'yan kasuwa da ɗakunan amare.

Wanda ya juya ɗaya daga cikinsu ya duba ƙasanta zai fahimci dalilin daɗewarta. Katakon maɗaci ne ko loko ko kawo, mai nauyi, wanda gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Inda ƙafa ta haɗu da hannu, an feƙe kan katako ɗaya an zura shi cikin ramin da aka sassaƙa a ɗayan, aka sa gam, wani lokaci aka soke da ɗan turken katako, ba a dogara da ƙusa ba. Ƙarƙashin matashin akwai sirara-siraran katakai a jere da rata a tsakani, iska na ratsawa. Matashin kansa na audugar rimi ne, daga baya aka koma soso. Idan ya mutu sai a ɗinka wani, ƙashin kujerar na nan daram. Matar gida ita kaɗai za ta iya ɗaga ta ta share ƙasanta. A garin da zafin bazara kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, wannan fasali ya dace da wurin ƙwarai.

Abin da ya kore su

Dalili na farko soso ne da kuɗin fetur. An kafa kamfanin Vitafoam a Nijeriya a 1962, kuma iyalin Moukarim da suka buɗe masana'antar gadajen ƙarfe da kujeru a Kano a 1959 su ne daga baya suka kafa kamfanin soso na Mouka. Da soso ya wadata, kushin mai lulluɓe da yadi daga sama har ƙasa ya zama abin da kafinta zai iya haɗawa cikin kwanaki kaɗan. Sai ga ƙarin albashin Udoji bayan rahoton kwamitinsa na 1974, ma'aikata suka sami kuɗi a dunƙule, aka shiga sayen rediyo, babur da sabbin kujeru. Tun daga nan girman kujera da taushinta suka zama ma'aunin wadata, mai hannun katako kuwa aka laƙaba mata sunan tsohon yayi.

Na biyu kayan ɗaki ne, kuma shi ya fi kowanne ƙarfi. A Katsina, kamar sauran ƙasar Hausa, iyayen amarya ke yin gado da kujeru, kuma ranar jere idon dangin miji na kan abin da aka sauke daga mota. Babu uwar da za ta yarda a ce an kai 'yarta da kujerun kakanta, komai ingancinsu. Saboda haka kasuwar kujeru a garin nan tana tafiya ne da lokacin bukukuwa da abin da ake yayi: yau samfurin Dubai, gobe na Turkiyya, a hoton waya ake nuna wa kafinta. Bayan 'yan shekaru a kira dillaliya ta kwashe, a cika kuɗi a sako sabo. Kayan da aka san za a canza nan ba da jimawa ba, ba mai biyan kuɗin ingancin da zai kai su shekara hamsin.

Na uku, gwamnati ta janye hannunta. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 ya raunana wuraren gyaran ma'aikatu. Da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, sabbin ofisoshi da gidaje suka buƙaci kaya masu yawa cikin gaggawa, aikin ya koma hannun 'yan kwangila. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da haƙƙoƙin ma'aikata irin su gida da kayansa zuwa kuɗi, aka shiga sayar da gidajen gwamnati. Littafin da ke riƙe da lissafin kujerun ya rufe, kujerun suka watse.

Na huɗu, katakon kansa ya yi wuya. Katsina ba ƙasar manyan dazuzzuka ba ce. Yawancin katakon aiki daga kudu da tsakiyar ƙasa ake kawo shi, kuma cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota. Itatuwan ma sun ja baya. An sare maɗobiya a Afirka ta Yamma ana lodi zuwa Sin har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a 2016, maɗaci da kawo suka bi sahu a 2022. Kafinta ya koma kan katako mai araha, wani lokaci ɗanye, da allon garin katako da ake kira MDF, wanda ruwa na taɓa shi yake kumbura. Don zaman ƙofar gida kuwa, kujerar roba ta gama da ta tamfol.

Abin da ya ɗaga su a waje

A Turai da Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu zana kayan gida sun nemi kujera mara nauyi, mara tarkacen ado, wadda ta bi surar jikin mutum. Hans Wegner na Denmak ya zana kujerar lilo a 1944, kuma a kan wata kujerarsa ta 1949 'yan takarar shugabancin Amurka, Kennedy da Nixon, suka zauna a muhawararsu ta talabijin a 1960. Charles da Ray Eames sun fitar da kujerar hutunsu ta lanƙwasasshen katako da fata a 1956, kamfanin Herman Miller na ƙera ta har yau. Shugaba Kennedy ya ƙara wa kujerar lilo farin jini saboda likitarsa Janet Travell ta ba shi shawarar zama a kanta don ciwon baya. A gwanjon Sotheby's na 1996 an sayar da irin kujerar tasa fiye da dala 400,000. Su ma can an yi lokacin da aka yi watsi da wannan salo. Littafin Cara Greenberg na 1984 kan kayan gidan shekarun 1950 na cikin abin da ya farfaɗo da shi, finafinai da intanet suka ƙarasa aikin.

Misalai biyu sun fi kusa da halinmu. A birnin Chandigarh na Indiya, Pierre Jeanneret ya zana kujerun katako da saƙa don ofisoshin gwamnati a shekarun 1950, kafintocin ƙasar suka ƙera su. Da suka tsufa aka jibge su a bayan ofisoshi, ana sayarwa a matsayin tarkace. Dillalan Faransa suka saye su da arha daga ƙarshen shekarun 1990, suka gyara, suka riƙa sayarwa da dubban daloli. Sai a 2011 hukumomin Indiya suka hana fitar da su, bayan an kwashe masu yawa. Na biyun a maƙwabta ya faru. Mai zane Jean Prouvé ya ƙera gidajen ƙarfe da gorar ruwa guda uku, ɗaya aka kafa a Yamai a 1949, biyu a Barazabil. Wajen shekarar 2000 wani dillali Bafaranshe ya saye su ya kwance ya kai Faransa, kuma a 2007 aka sayar da ɗaya daga na Barazabil a gwanjon Christie's na New York kusan dala miliyan 5.

Wajibi ne a auna wannan da hankali. Kuɗin da ake biya a can na sunan mai zane ne da shaidar asalin kaya. Kujerar da kafintan Katsina ya ƙera a 1965 ba ta da hatimi ko takarda, don haka kada wani ya ɗauka akwai daloli a ɗakin tarkacen gidansu. Darasin Chandigarh da Yamai shi ne mai abu yakan raina abinsa har sai baƙo ya sa masa farashi. Darajar kujerunmu tana cikin katakon da ya yi wuyar samu da gwanintar da ke neman ɓacewa.

Riba da asara

Sauyin ya zo da amfaninsa, kuma adalci ne a faɗa. Sana'ar kushin na ciyar da ɗimbin matasa a Katsina: masu haɗa ƙashi, masu yankan soso, teloli, masu fenti, direbobin da ke kai kayan amare ƙauyuka. Shiga sana'ar bai buƙatar dogon koyo ko jari mai yawa. Sanya kayan ɗaki cikin jerin kaya 41 da Babban Bankin Nijeriya ya hana wa canjin kuɗin waje na gwamnati a 2015, har zuwa janye matakin a Oktoban 2023, da kuma faɗuwar naira, sun tura masu saye da yawa wurin kafintan gida. Kujerar roba kuma ta ba talaka abin zama a farashin da zai iya.

Sai dai asarar ta fi zurfi. A tsaya a shagon kafinta a ga yadda ake haɗa kushin: a yanka filanki, a buga ƙusa, a ɗaure roba, a manna soso, a ja yadi a harba masa maƙalai. Duk aibin katakon yadi ya rufe shi, mai saye ba ya ganin komai sai launi. Yaron da ya koyi aiki a haka zai iya zama maigidan kansa bai taɓa sassaƙa ramin haɗi ɗaya ba. Kujerar lilo kuwa ita ce jarrabawar kafinta, domin idan lanƙwasar katakan biyu ba ta zo daidai ba, ko dai ta riƙa tafiya gefe ko ta kifar da mai zama. Dattawan da suka iya wannan aiki suna ƙarewa, kuma gwaninta ba ta zama a littafi.

Akwai asarar aljihu. Uban da ya ci bashi ya yi wa 'yarsa kujerun da za su zube cikin 'yan shekaru, kuɗinsa sun tafi, kuma dillaliya ba za ta ba da ko rabin abin da aka kashe ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan ma tsadar ba ta sayo ƙarko ba. Akwai ta muhalli: kowane canjin yayi sabon katako ne aka sare, tsohon soso da leda kuma a bola ko a wuta, a jihar da ke fama da kwararowar hamada. Akwai kuma ta jiki. Tsoho mai ciwon gwiwa ya fi samun sauƙin miƙewa daga kujera mai tauri da hannun dafawa fiye da kushin da yake nutsewa ciki, musamman mai tashi salla sau biyar a rana.

Abin da ya rage a yi

Ba za a mayar da kasuwa baya da wa'azi ba, amma akwai matakai masu sauƙin kuɗi. Gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha su ne suka fi cancanta su tattara samfurori daga ma'aikatu da tsofaffin makarantu, su rubuta inda kowace ta fito da irin katakonta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da ƙauyen koyar da sana'o'in matasa na jiha za su iya ɗaukar tsofaffin kafintoci su koyar da haɗin katako, a auna tsofaffin kujerun a zana su, a sake ƙera su da katakon da aka samo ta halal. Otal-otal da ofisoshin gwamnati, waɗanda ke sayen kujeru da yawa, idan suka ba da odar irin waɗannan, kafinta zai ga riba a koyon aikin.

Mai irin wannan kujera a gida kuma lissafinsa a fili yake. Goge ta da sanfefa, ɗaure haɗin da ya saki, shafa mata banish da ɗinka sabbin matasai ba zai kai kuɗin sabuwar kujera ɗaya ba, kuma abin da zai samu ya fi sabuwar ƙarko. Kowace kujerar da aka kai gyara tana ba wani yaron shago damar ganin yadda aka haɗa ta. Ta wannan hanya ce sana'ar za ta wuce zuwa hannun 'yan baya, kuma lokacin yin hakan shi ne yanzu da sauran masu koyarwa ke raye.