Ko Kun Sani?

Tsofaffin gidajen ƙasa na cikin ganuwar Bauchi sun fi ɗakin bulo mai rufin kwano sanyi a lokacin bazara. Katangar tubali mai kauri takan shanye zafin rana, ba ta sako shi sai dare ya yi. Rufin soro na azara da ƙasa kuwa ba ya gasa ɗaki kamar kwano. Magina sun gaji wannan ilimi ne kaka da kakanni, yaro yana miƙa tubali yana koyo. Misali, Gidan Madaki da wani magini da ake kira Babban Gwani ya gina a Kafin Madaki yana nan tsaye har yau. Kafin ku rushe soro, ku tuntuɓi tsofaffin maginan unguwarku.